Kawu da Ɗakin Ƙarshe

Ranar da Kawu ya rasu, masu zuwa gaisuwa sun yi ta faɗin abu ɗaya kamar a ƙofar gida suka haɗa baki. Liman ya ce an yi rashin jarumi. Wani tsohon Buzu da ya taso tun daga Azagor ya ce bai taɓa ganin namiji mai zuciyarsa ba. Wata tsohuwa daga Bader Goula, wadda ban ma gane ta ba, ta riƙe hannuna tana kuka, ta ce duk ƴaƴanta a ɗumin Kawu ta haife su. Ni kuwa ina zaune bisa tabarma ina amsawa da amin, a raina ina cewa waɗannan ba su san shi ba. Kawu, ƙanen mahaifiyata, shi ne mutum mafi tsoro da na taɓa sani. Shi ya sa nake so a rubuta shi yadda yake, kafin masu yabo su mayar da shi wani mutum dabam.

Tsoron kare yake, tsoron tsani yake, tsoron jandarma kuwa ba a magana. In ya hango kakin soja a bakin kasuwa sai ya tuna yana da saƙo a wata unguwa. In abokansa Buzaye suka ɗora shayi, can gefe yake zama, don bai yarda da duk abin da ke tafasa a rufe ba. Inna, mahaifiyata, ita ce babbar yayarsa, ita ta goya shi, har ya yi furfura Auta take ce masa. Takan ce tun yana zanen goyo in zakara ya yi cara sai ya ƙanƙame ta. Kuma wannan mutumin ne Allah ya ɗora wa tukunyar da duk Dakoro ke tsoro.

Ga yadda abin ya samo asali. Gab da samun mulkin kai, wani Baturen likita ya gina ɗan gidan haihuwa a bakin gari, ɗakuna huɗu a jere. Ya ga yadda sanyin hunturu ke kwashe jarirai, sai ya sa aka kawo wata tukunyar ƙarfe rufaffiya aka girke ta bayan ginin, ana hura mata ice. Daga kanta bututu ɗaya tak ya tashi, ya shiga ɗakin farko, ya bi bango ya ratsa sauran ɗakunan, ya zagayo ya koma gindin tukunyar. A kowane ɗaki akwai wani ƙarfe mai layi-layi da muke kira haƙarƙari. Ruwan zafi yakan shiga cikinsa, ya bar ɗuminsa, ya koma wannan bututun dai ya wuce gaba. Babu inji. Ruwan ne da kansa in ya yi zafi yake tashi, in ya huce ya sauko. Bisa rufi kuma akwai tano, wato gangar ruwa, wanda ke cika wa bututun abin da ya ragu. Tunda hanya ɗaya ce, ɗakin farko shi ke shan zafi, na ƙarshe sai abin da aka rage masa.

Kawu ɗan maƙera ne, shi ya riƙe wa masu aikin ƙarfe lokacin da suke haɗawa. Da ƙasa ta koma hannunmu Baturen ya tattara ya tafi, ya miƙa masa wani ɗan makulli kamar yatsa, ya dafa kafaɗarsa, shi ke nan. Kawu ya ce ranar bai iya cin tuwo ba. A ganinsa tukunyar ta zama ta gwamnati, in ta fashe shi za a ɗaure, in kuma ta mutu jariran mutane ne a wuyansa.

Bai taɓa juya mata baya ba. Da bisimilla yake buɗe ƙofar murhunta, da baya-baya yake barin wurin. Aikinsa duka da bayan hannunsa na dama yake yi. Yakan bi bututun ɗaki-ɗaki yana taɓawa, kansa a karkace kamar mai sauraron gulma. Kuma ba daga farko yake somawa ba, daga ƙarshe yake somawa. In an tambaye shi dalili sai ya ce, “Sanyi daga ɗakin ƙarshe shike hwarawa. Na hwarko bai san an yi sanyi ba sai kowa ya mutu.” Har gaisuwarsa ta koma haka. In ya shigo gida ba ya tambayar mai gida, sai ya nemi wanda ya fi kowa nisa da murhu ya taɓa masa ƙafa.

Ni a Rumbu aka kai ni aure. Da cikin fari ya tsufa aka maido ni gidan Inna in haihu, kamar yadda ake yi. Amma cikin bai jira lokacinsa ba. Cikin tsakiyar sanyi, shekaru kaɗan bayan tafiyar Turawa, na haifi ƴa mace bakwaini a gidan haihuwar nan. Da aka nuna mini ita sai na kawar da kai, don tsoro ya hana ni kallonta. Duk jikinta bai cika tafin hannu biyu ba, kukanta ma sai ka kasa kunne. Madam, wato ungozomar gwamnati da ke riƙe da wurin, ta sa aka kai mu ɗakin ƙarshe. Shekarar ana ƙyanda a gari, sauran ɗakunan kuma cike suke da masu jego da ƴan dubiya da yaransu masu tari. Ta ce in tari ya kama yarinyar nan ba za ta kwana ba. Ta hana a shigo da kaskon wuta, don hayaƙi ya taɓa shaƙe mata wani bakwainin a kan idonta. Abin da ya rage mana shi ne ƙirjina da haƙarƙarin Kawu.

Kwanakin farko ɗakin da ɗumi. Sai wata safiya na farka na ji hancina ya yi sanyi. Na taɓa ƙafar yarinyar, na ji kamar na taɓa randa. Ta daina kama nono, sai dai ta buɗe baki ta rufe. Ni kaina zazzaɓi ya soma taɓa ni, ina rawar ɗari, ba ni da wani ɗumi da zan ba ta. Madam ta naɗe ta da auduga, ta dube ni, ta dubi taga. Ba ta ɓoye mini ba. Ta ce da rana za mu iya lallaɓawa, amma in rana ta faɗi ɗakin yana haka, sai dai mu roƙi Allah.

Kawu ya shigo da hantsi, ya ɗora bayan hannunsa a kan haƙarƙarin, na ga fuskarsa ta canza. Ya bi bututun yana komawa baya. Ɗaki na uku ɗumi-ɗumi, na biyu da zafi, na farko kuwa ba ya taɓuwa. Ya dawo ya ce ya gane, ginin ne ya zauna, bututun ya lotsa tsakanin ɗakina da na uku, iska ta maƙale a wurin. Ya nemo tubali da guntun ice ya tallafe shi, ya zauna yana jira. Babu abin da ya motsa. Ya ce to ƙila tsatsa ce ta toshe mahaɗar da ruwa ke karkatowa cikin haƙarƙarin. Ya yi ta ƙwanƙwasa ta da guduma a hankali, yana kasa kunne. Nan ma shiru.

Daga nan ya yi abin da daga baya ya ce shi ne wautar da ta fi kowace a rayuwarsa. Ya ƙara wuta. Ya ce ƙila in ruwan ya ji zafi sosai zai ture abin da ya tare shi. Ba a jima ba tukunyar ta soma bugawa. Ban taɓa jin irin wannan ƙarar ba, kamar ana daka a cikin bango. Bututun ya ɗauki rawa, ƙasa tana zubowa daga inda ya ratsa ginin. Matan ɗakin farko suka kwashi jariransu suka yi waje, wata tana cewa aljanun Bature ne suka zo karɓar kayansu. Ni ba ni da ƙafar gudu. Na rungume yarinyar ina karanta duk abin da ya zo bakina, ina jiran bango ya faɗo mana.

Ya janye icen, bugun ya lafa. Ya shigo ɗakina ya tsuguna bakin ƙofa, gumi na zuba daga goshinsa cikin wannan sanyin.

“Kawu, mutuwa za ta yi?” na ce.

“Ban sani ba, ɗiyata,” ya ce. “Wallahi ban sani ba. In babu ruwa ciki, haka take yi. Amma shekaranjiya mai ga-ruwa ya cika tano. Na bi ko'ina, babu inda ke yoyo.”

Ya juya yana kallon waje. Ta ƙofar ana hango bayan katanga, inda iyayen masu jego ke girka manyan tukwane su dafa ruwan wanka. Ya daɗe yana kallon wurin. Sai ya juyo.

“Yaya ta yi maki wanka yau?”

Inna yake nufi. Na ce ta yi, tun da sassafe, da ganyen sabara, ruwan har ya so ya sale ni.

“Da wane ice?”

Ban gane ba. Ya nuna mini da haɓa. Duwatsun murhun suna nan, tukwanen suna kife, babu toka, babu hayaƙi. Gida cike da masu jego, kowace ana yi mata wankan ruwan zafi safe da yamma, amma ba wanda ya hura wuta.

Daidai nan Inna ta shigo da kunun kanwa. Kawu ya miƙe. Ban taɓa ganin ya tsaya a gabanta haka ba.

“Yaya, ina kike samun ruwan zahi?”

“Ina ruwanka da wankan mata, Auta?”

“Don Allah ki hwaɗa mani.”

Ta ajiye ƙwaryar, ta ce ai ba sata ta yi ba. A gindin haƙarƙarin ɗakin farko akwai wani ɗan famfo, ta murɗa ta ga ruwa na fitowa yana tururi, ya fi na tukunya zafi. Ga ice ya yi tsada, ga sanyin asuba. Ta nuna wa sauran tsofaffin, kowa ta zo da bokitinta, lokacin da Kawu yake tafiya karɓo ice wurin masu jakai. Famfon nan na zubar da ruwa ne in za a wanke bututun, shekara da shekaru ba a taɓa shi ba. Su kuwa sun ɗauka rijiya ce Bature ya bari.

“Ruwan ga ba na ɗiba ba ne,” in ji Kawu. “Shi ɗaya ne ke zagayawa. Kun kwashe shi, tano ya ƙahe, iska ta shiga. Ɗumin jikarki kinka zuba ma ɗiyarki a baya.”

Inna ta yi tsaye kamar an mare ta, amma ba ta sunkuyar da kai ba. Ta ce, “To in bar ta ba wanka? Ka manta yadda ƴar'uwarmu ta kumbura ta mutu da jego, don an yi mata ruwan da bai tahasa ba? Ni na rufe mata ido. Sanyi ya shiga jikin wagga in rasa ta, kai da ƙarhenka za ku maido mani ita?”

“Ni ma sanyin nike tsoro, Yaya.”

“Kai mi ne ne ba ka tsoro?”

Suka tsaya suna kallon juna, ni ina tsakaninsu da yarinyar da ke ta yin sanyi a ƙirjina. Inna ta matso don ta nuna masa ƙarya yake, ta sa hannu cikin audugar ta kama ƙafar jikarta. Ta ji sanyin da kanta, ta janye hannun a hankali.

Azahar ta gota. Kawu ya ce sai an mayar da ruwan, amma ba na rijiya ba. Tukunyar ta yi zafi ba ruwa sosai a cikinta, in ruwan sanyi ya sauka mata tsagewa za ta yi, in kuma aka jira ta huce da kanta rana za ta faɗi. Inna ta ɗaure zanenta ta fita. Ina jin muryarta tana kiran tsofaffin nan ɗaya bayan ɗaya. Suka tada tukwanen da suka kife, suka kwashi icen Kawu suka hura, suka ɗora ruwa. Shi kuma ya jingina tsani a bango.

Mai ga-ruwa ne kullum ke hawa, amma ranar ya tafi ƙauye. Waɗanda suka gani sun ce Kawu ya daɗe riƙe da tsanin yana motsa baki. Ya hau idonsa a rufe, ya kwanta rub da ciki bisa rufin, ya ƙi kallon ƙasa. Matan suna miƙa masa bokiti, yana taɓa kowane da bayan hannu kafin ya juye a tano, kaɗan-kaɗan. Inna ce a gindin tsanin tana riƙe masa. An ce tana ta faɗin, “Ina nan, Auta, ban sake ba.”

Da tano ya cika ya sauko, ya mayar da wuta ƴar kaɗan. Saura fitar da iskar. A saman kowane haƙarƙari akwai wata ƴar mariƙa, kamar kan kusa mai murɗawa, da ɗan makullin nan ke buɗewa. Yakan sassauta ta, iska ta yi ta huci, in ruwa ya biyo baya ya ɗaure. Ɗakin farko lafiya, na biyu lafiya. A na uku mariƙar ta ci tsatsa. Da ya murɗa sai ta ƙwace gaba ɗaya, ruwa mai tururi ya feso. In ya sake ta, ruwan da aka sha wahalar ɗorawa zai tsiyaye, a koma farko, ga la'asar ta yi. Bai sake ba. Ya danne ta da hannun dama yana laluben yadda zai mayar da ita mazauninta, ruwan yana zuba a bayan hannunsa. Ta bango nake jin muryarsa, ba ihu yake ba, kuka yake kamar yaro yana kiran Yaya. Sai da ta kama ya ɗaure ta.

Ya shigo ɗakina da hannun naɗe cikin rigarsa, ya buɗe tawa mariƙar da hagu. Ta yi huci mai tsawo, sannan ruwa ya tofo, ya rufe. Ya zauna ƙasa ya jingina da bango. Ya ce in miƙa hannu in taɓa bututun, shi ba ya iyawa. Na taɓa, sanyi. Muka zauna, ni da shi da Inna da Madam, inuwar katanga tana hawa bangon ɗakin. Na sake taɓawa, sanyi. Ban san sau nawa na taɓa ba. Ana gab da kiran magariba na ji kamar ƙarfen ya daina cizon hannuna. Na ji tsoron in faɗa kada ya zama zazzaɓina ne. Inna ta ture hannuna ta sa nata.

“Ya iso,” ta ce.

Yarinyar ta kama nono kafin gari ya waye.

Hannun Kawu ya warke, amma bayansa ya zama fari fat, fatar ta ƙanƙance, bai ƙara jin zafi ko sanyi da shi ba. Ya koma aiki da hagu, yana ƙorafin cewa hagu maƙaryaci ne. Ya ɗaure famfon nan da waya har ya zama kamar kan tsintsiya. Inna ba ta taɓa ce masa ya yi haƙuri ba, shi ma bai taɓa tada maganar ba. In sun haɗu sai ta ce, “Auta da ƙarhenshi,” shi kuma ya ce, “Yaya mai rijiya.” Amma duk hunturu, har ta rasu, ita ke shafa masa man shanu a hannun don kada ya tsage. Kuma duk mai jegon da ta zo ba ta da mai kawo mata ice, Inna ce ke ɗauko dami a kanta ta kai.

Tsoronsa bai ragu ba. Ni na ɗauka bayan wannan ranar zai saba, ashe ƙaruwa ya yi. Ya riƙa hawa tsanin da kansa kowace safiya don ya leƙa tano, kuma kowace safiya da rufaffen ido yake hawa. Haka ya yi har tukunyar ta tsufa ta huje, aka rushe ginin aka yi wani. Ranar da aka fitar da ita ya ce a karon farko zai yi barci. Bai yi ba, ya ce shirun ya dame shi.

Ciwon ajalinsa ma cikin sanyi ya zo. Bakwainin nan tawa, wadda yanzu take da jikoki, ta baro gidanta ta zo jinya. Ranar ƙarshe da hantsi na zauna wajen ƙafafunsa, na ɗora bayan hannuna yadda ya koya mana. Sun yi sanyi. Na matsa zuwa gwiwa, nan ma ya iso. Tsoron nan na ɗakin ƙarshe ya dawo mini sabo, ga shi wannan karon babu tano da za a cika.

Hankalinsa ya riga ya koma can. Yana ta motsi, idonsa a firgice, yana laluben bango. Ya ce a janye ice, ya ce a riƙe masa tsani. Sannan ya ce, “Ɗakin ƙarshe hwa? Wa ya taɓa ɗakin ƙarshe?”

Ƴata ta durƙusa ta kama hannunsa na dama ta ɗora a kumatunta. Ya ci gaba da lalube, don wannan hannun ba ya jin komai. Na ce mata ba shi ba, ɗayan. Ta ɗauki na hagun, ta juya bayansa, ta manna a wuyanta.

Ya tsaya cak, kansa a karkace. Ya daɗe yana saurare. Sai na ga kafaɗunsa sun sauka.

“Ya iso,” ya ce.

Bai ƙara magana ba sai kalmar shahada da aka laƙƙana masa. Allah ya jiƙan Kawu, ya sa kabarinsa ya zama wurin da ba zai ƙara jin tsoron komai ba. Ruwan da aka yi masa wanka da shi, ƴata ce ta hura icen ta ɗumama, ta taɓa da bayan hannu kafin ta miƙa wa maza.